Na'urar gano kifi da sauti: wacce ta dace da masuncin Dadin Kowa, wacce ce asarar kuɗi?

Wani ƙanina da ke su a dam ɗin Dadin Kowa ya same ni a shago kwanakin baya, waya a hannu, ya ce yaya duba min wannan. Bidiyo ne na tallan wata 'yar na'ura, wai kana tsoma ta a ruwa zata nuna maka kifi har ta faɗa maka irinsa, karfasa ce ko tarwaɗa ko giwan ruwa. Ya tara 'yan kuɗi da niyyar canza kalli, yanzu kuma zuciyarsa ta rabu biyu, ga na'ura mai araha ga mai tsadar da sai an sayar da saniya, bai san inda zai dosa ba. Ni sana'ata haɗa sola da gyaran kayan wuta, amma gidanmu gidan su ne, kuma na ɗaura irin waɗannan na'urori a jirage da hannuna, na ga wadda ta taimaki mai ita na ga wadda ta mutu kafin damina ta fita. Abin da na faɗa masa shine zan rubuta anan, don na san ba shi kaɗai bane a cikin wannan ruɗu.

Magana ɗaya nake so a riƙe tun daga farko. Babu wata na'ura da masunci zai iya saya da guminsa wadda zata rubuta masa sunan kifi a allo. Babu. Abin da take yi shine ta nuna maka zurfi, ta nuna maka yanayin ƙasan ruwa, ta nuna maka akwai wani abu a tsakani da kuma ƙarfinsa. Gane irin kifin kuwa naka ne, kai da ka san ruwa, zaka haɗa abin da allo ya nuna da abin da ka gada. Wanda ya sayi na'ura akan wannan fahimta zai mora, wanda ya saya akan maganar masu talla zai yi kuka.

Dalili kuwa yana cikin yadda abin yake aiki. Akwai wani ɓangare da ake tsomawa a ruwa, mu muna ce masa kunne, shine yake tura sauti ƙasa ya kuma saurari amsa-kuwwarsa. Sauti a ruwa yana gudun wajen mita 1,500 a sakan ɗaya, to da lissafin lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo ake sanin nisa. Naman kifi kusan ɗaya yake da ruwa a wajen sauti, bai cika maido da komai ba, abin da ke maido da mafi yawan sautin shine jakar iskar nan ta cikin kifi wadda muke cirewa in ana gyara shi. Kenan na'ura ba kifi take gani ba, iskar cikinsa take ji. Karfasa tana da jakar iska mai kyau kuma tana tafiya a garke, tana fitowa tas. Giwan ruwa jakarsa babba ce, shi ya sa ma 'yan kasuwa ke sayen ta da tsada a ƙasashen tafkin Victoria. Tarwaɗa kuwa tata 'yar ƙarama ce a lulluɓe da ƙashi kusa da kai, ga ta kuma kullum a manne da laka, sai ta saje da ƙasa, na'ura ta wuce ta kamar babu komai. Duk wanda sana'arsa tarwaɗa ce ya riƙe wannan sosai kafin ya fitar da ko sisi.

Toh, ga abubuwan da nake aunawa da su kafin in ce wa mutum saya ko kar ka saya.

Na farko, me take iya nunawa da gaske, ba abin da ke jikin kwali ba. Na biyu, zurfin ruwan da kake aiki, kuma wannan mutane suna raina shi. Sautin yana sauka ne kamar hasken tocila, tsukakke a sama yana buɗewa a ƙasa. Mai kusurwar digiri 20, wanda shine aka fi samu, faɗin da yake gani a ƙasa kamar kashi ɗaya cikin uku ne na zurfin, wato in kana kan ruwa mai mita 6 to da'irar mita 2 kawai kake leƙawa, in kuma mita 2 ne bai kai faɗin tabarma ba. Dadin Kowa a tsakiya da wajen tsohon kwarin kogin Gongola akwai zurfi, amma gefe-gefe da bakin fadama inda yawancinmu ke shimfiɗa kalli ba wani zurfi, kuma ruwan yana ja da baya da rani. Dam ɗin Balanga da na Gubi da na Waya ma haka, sun fi ƙanƙanta. Sai maganar wuta, wane batir take ci, sola ƙarama zata iya ciyar da ita? Sai juriya, ruwa da rana da laka da jifan da kaya ke sha a kwale-kwale. Sai sauƙi, ko wanda bai yi boko ba zai iya karanta ta. Sai kuɗi, har da na gyara in ta lalace, don a Gombe ko Bauchi babu shagon da ke ajiye kayan gyaranta. Na ƙarshe haɗari, wato me zaka rasa in abin bai yi ba.

Farashin da zan ambata da dala ne, na can waje kuma a ƙiyasce, saboda naira bata tsaya wuri ɗaya ba. Ka ninka da canjin ranar, ka ƙara kuɗin kawowa da ribar ɗan kasuwa.

'Yar hannu mai araha

Ita ce wadda ta fi yawo a bidiyo, yawanci ƙirar China, akwai mai suna Lucky da wasu da basu da suna ma. Girmanta kamar tsohuwar waya, da igiya doguwa da kunne mai ɗan balbal da ke shawagi a ruwa, tana cin ƙananan batir na tocila ko kuma a yi mata caji. Kuɗinta daga dala 40 zuwa 80 haka.

Zurfi tana faɗa daidai gwargwado, wannan ban ƙi mata ba. Matsalarta ita ce 'yan hotunan kifi da take zanawa a allo, su ne suke yaudarar mutane. Duk abin da ya maido sauti a tsakiyar ruwa sai ta zana masa kifi ta yi ƙara, reshen bishiyar da ruwa ya cinye, ciyawa, kumfar iskar da ke tasowa daga ruɓaɓɓiyar laka, duk kifi ne a wajenta. Kuma dam ɗinmu cike yake da irin waɗannan. Na taɓa zama a jirgi tana ta kuka akan wuri ɗaya, aka jefa birgi har sau huɗu, ƙaya kawai ya kwaso ya yage. Maganar gane iri kam ko kusa. Igiyar kuma ita ce ke fara mutuwa daga inda ta shiga jiki, ruwa ya shiga shikenan. Sauƙi dai babu kamarta, yaro ma zai kunna. Haɗarinta kaɗan ne a kuɗi, amma tana ɓata lokaci da raga in ka yarda da ita ɗari bisa ɗari.

Ƙwallon da ake jefawa mai haɗuwa da waya

Wannan kamar lemo take a girma, sananniya a cikinsu ita ce Deeper, kamfanin ƙasar Lituweniya. Ana ɗaure ta a igiyar fatsa a jefa, ita kuma ta turo hoto zuwa wayarka kai tsaye, ba sai da data ba. Dala 150 zuwa 350 ya danganta da samfuri. Hotonta na gaske ne, ba 'yan zane ba, zaka ga ƙasa, ka ga ciyawa, ka ga garke. Ga mai kamun fatsa daga bakin gaɓa ko mai tafkin kiwon kifi da ke son sanin zurfi da inda laka ta taru, tana da kyau ƙwarai.

Amma ga mai su na sana'a bana ba da shawararta, kuma dalilina waya ce. Ka fito da babbar waya a tsakiyar ruwa da jiƙaƙƙen hannu mai ƙarni, rana ta haske allon baka ganin komai, cajin waya yana tafiya, na ƙwallon ma awanni ne kawai. In igiya ta tsinke ko waya ta suɓuce asara biyu ce a rana ɗaya. Batir ɗinta a rufe yake a ciki, in ya gaji canza shi aiki ne.

Ƙaramar na'ura ta jikin jirgi

Anan zan daɗe, don ita ce nake ganin ta fi dacewa da yawancinmu. Misalinta da kowa ya sani Garmin Striker 4, Lowrance da Humminbird ma suna da irinta. Allo ne ɗan ƙarami, inci 3.5 zuwa 5, ana ɗaure shi a jirgi, kunnen kuma a manna a baya ko a jikin sanda a gefen kwale-kwale. Kuɗinta daga wajen dala 120 zuwa 250. Batir mai bolt 12 take amfani da shi, kuma bata da ci, ƙaramin nan na 7Ah zai kai ka yini har ya rage, fanel ɗin sola ƙarami ya cika shi. An yi ta don ruwan sama da fantsama, in ka kula da bakin wayoyin kana shafa musu ɗan giris zata yi shekaru.

Abin da ya bambanta ta da 'yar hannu shine tana nuna maka ainihin amsa-kuwwar, kai ne zaka fassara. Abu na farko da nake yi in na ɗaura wa mutum shine in kashe 'yan hotunan kifin nan. Daga nan kifi ɗaya zai riƙa fitowa kamar baka ko jinjirin wata in jirgi ya bi ta kansa, garke kuma kamar gajimare. Launi mai ƙarfi na nufin sauti ya dawo da ƙarfi. Ƙasa mai dutse layi ne mai kauri da haske, laka kuma dishi-dishi. Yawancinsu suna aiki da mita biyu na sauti (mita anan ba ta awon tsawo bace, kaifin sautin ne, irin mitar tashar rediyo, da kilohaz ake auna ta), ƙarami kamar kilohaz 50 ko 77 mai faɗi da nisa, da kuma 200 mai tsukakken baki amma mai fito da abu dalla-dalla, kuma na yanzu suna da abin da ake kira CHIRP, wato maimakon sauti ɗaya sai ta riƙa share zango guda, hakan na sa kifaye biyu da ke kusa da juna su rabu a allo maimakon su dunƙule.

To anan ne ilimin gado yake shigowa, kuma wallahi abin yana burge ni. Dattijon da ya shekara talatin a ruwa in ka nuna masa allo na kwana uku sai ya fi ka iya karantawa. Ya ga gajimare mai kauri a ruwa mara zurfi kusa da ciyawa da hantsi, zai ce karfasa ce. Ya ga ƙananan ɗigo-ɗigo birjik a sama-sama, zai ce kawara ce, in kuma ga manyan baka biyu uku a ƙarƙashinsu to mafarauci ne ke binsu, tsage ko giwan ruwa. Ya ga 'yan tudu-tudu a jikin ƙasa kusa da duwatsu, zai yi zargin kurungu ko ragon ruwa. Ba na'urar ce ta faɗa ba, wuri da lokaci da zurfi da siffa ne suka haɗu a kansa. Kuma ko shi yana kuskure, sai raga ta fito ake tabbatarwa. Shi ya sa nake cewa duk wanda ya saya ya ajiye ɗan littafi ko ya riƙa ɗaukar hoton allo, ya rubuta abin da ya gani da abin da ya kama, cikin wata biyu zai haɗa nasa karatun da babu kamfanin da zai sayar masa.

Wani amfani da ba'a faɗa a talla, wanda ni a ganina ma ya fi gano kifin, shine GPS ɗin da ke cikinta. Ka samu rami mai kifi ka danna ka ajiye, gobe ko da asuba cikin hazon hunturu zata mayar da kai wurin. Ka gano kututturen da ke yaga raga ka sa masa alama. Kalli ɗaya da ka tsirar daga ƙaya da litocin fetur da baka ƙona wajen yawo ba, su ne suke biyan kuɗinta, ba wani kamu na mamaki ba.

Rauninta: a ruwan da bai kai mita 2 ba kusan makauniya ce, abin da ke sama-sama daf da kunne bata ganinsa, wanda ya kwanta a ƙasa ma haka. Menu ɗinta da Turanci yake, sai an zauna an koya wa mutum sau ɗaya. In kunnen ya bugi dutse ya fashe sai an yi odar wani. Ga ɓarayi, kar ka bar ta a jirgi ta kwana.

Mai leƙen gefe

Wannan ita ce amsar ruwa mara zurfi. Maimakon ta kalli ƙasa kawai, tana watsa sauti siriri dama da hagu, da sauti mai kaifi kamar kilohaz 455 ko 800, sai ta zana maka ƙasan ruwa kamar hoto, ka ga bishiya da rassanta, ka ga tsohuwar hanyar kogi, ka ga kifi farin ɗigo da inuwarsa a baya. Mita gommai take sharewa kowane gefe a tafiya ɗaya. Humminbird ne suka fara yaɗa ta ga ƙananan jirage, yanzu kowa na yi. Kuɗi daga dala 500 zuwa sama da 1,000.

Wajen gane iri ta ɗara ta baya kaɗan, saboda inuwa tana nuna tsawo, dogon kifi kamar yauni ko babban ramboshi ba zai yi kama da faffaɗar karfasa ba in ya kusa. Amma tana da sharaɗi, sai jirgi na tafiya a miƙe a hankali da gudu ɗaya, kenan sai mai inji. Mai tuƙi da filafili jirgi na rawa, hoton zai karkace. Allon ya fi girma, batir ya fi ci, koyonta ya fi wuya. Ga mutum ɗaya tayi nauyi, amma ƙungiyar masunta ta mutum goma sha biyar ko ashirin da jirgin inji ɗaya, su bi yankinsu su zana taswirarsa sau ɗaya da rani sau ɗaya bayan damina, kowa ya amfana, wannan kam na yarda da shi. Haɗarin anan ba na na'ura bane, na amana ne, a wajen wa zata kwana, wa zai biya in ta lalace. A rubuta a gaban Sarkin Ruwa tun kafin a saya.

Mai nuna motsi kai tsaye

Ita ce wadda in ka gani a bidiyo sai ranka ya biya. Garmin LiveScope da ta fito a 2018, da ActiveTarget ta Lowrance, da MEGA Live ta Humminbird. Kana ganin kifi yana iyo a allo a lokacin da yake yi, kamar hoton awon ciki a asibiti. Daga yanayin iyo da girma gwani zai iya cankar iri fiye da duk na baya. Amma in ka haɗa kunne da akwatinta da allo da babban batir zaka tashi dala 2,000 zuwa 4,000 ko fiye. An yi ta ne don masu gasar kamun fatsa a Amurka waɗanda ke bin kifi ɗaya-ɗaya. Mai kalli da mai mali ba haka suke su ba, sun kafa sun tafi, me zai yi da kallon kifi ɗaya? Kar wanda ya ci bashi don ita.

Na masu bincike da manyan jiragen teku

Na kawo su ne ba don a saya ba, sai don a ga inda maganar gane irin kifi da sauti ta samo asali, don ba ƙarya bace gaba ɗaya, an dai ɗauko ta daga wani wuri an liƙa wa 'yar dala 50. Tun 1948 kamfanin Furuno a Japan ya fara sayar da na'urar gano kifi, kuma yau suna da wadda ke ƙiyasta tsawon kifi da santimita. Jiragen bincike kuma suna amfani da irin su Simrad EK80, mai tura sauti a mitoci da yawa lokaci guda, kilohaz 18, 38, 70, 120, 200 har 333. Hikimar ita ce kowane irin kifi yadda yake amsa kowace mita daban. Misali a tekun Norway, kifin makarel, wato titus ɗin da muke saya a daskare, bashi da jakar iska kwata-kwata, don haka a kilohaz 38 amsarsa rauni ce a 200 kuma ta fi ƙarfi, shi kuma kifin herin mai jakar iska akasin haka. Da wannan bambanci ake raba garkensu kafin a saki raga, kuma yana da muhimmanci a can don kowane jirgi da adadin da doka ta yarda ya kama na kowane iri. Jirgin binciken nan Dr. Fridtjof Nansen da ke aiki da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya daɗe yana irin wannan awo a gaɓar Afirka. A tafkin Victoria ma da sauti ake ƙiyasta yawan giwan ruwa da ƙananan kifin da suke kira dagaa. Amma lura, duk da kayan nan sai sun ja raga sun duba abin da ya fito kafin su tabbatar. Kuma su garkensu iri ɗaya ne a buɗaɗɗen ruwa mai zurfi, mu kuwa iri goma ne a cakuɗe cikin ciyawa a mita huɗu.

Akwai kuma kyamarar sauti irin DIDSON da ARIS, da ake ƙirga kifin salmon da ita a kogunan Alaska, tana ba da hoto kamar bidiyo ko a ruwan da yayi jawur da laka, sai dai nisanta gajere ne. Duk waɗannan dubban daloli gommai ne, ga buƙatar ƙwararre. Aikin jami'a ne da gwamnati, irin su cibiyar binciken kifi ta New Bussa, kuma ina fata wata rana a kawo irinsu a auna mana abin da ya rage a Dadin Kowa, don tun da aka kammala dam ɗin a 1984 ake ɗiba, kowa kuma yana faɗin kifi ya ragu ya ƙanƙance.

Ga su a jere:

| Na'ura | Farashi a dala | Gane iri | Juriya | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| 'Yar hannu | 40 zuwa 80 | Babu | Rauni | Sosai | Kifin ƙarya a allo |
| Ƙwallon jefawa | 150 zuwa 350 | Kaɗan | Matsakaici | Sai mai iya waya | Asarar waya ko ƙwallo |
| Ƙarama ta jirgi | 120 zuwa 250 | Da taimakon gogewa | Mai kyau | Kwana kaɗan a koya | Fashewar kunne, sata |
| Mai leƙen gefe | 500 zuwa sama da 1,000 | Ta ɗara | Mai kyau | Da wuya | Sai jirgin inji, rigimar haɗaka |
| Mai motsi kai tsaye | 2,000 zuwa 4,000 | Mai kyau ga gwani | Mai kyau | Da wuya | Bashin da su ba zai biya ba |
| Ta bincike | Dubbai gommai | Mafi kyau, da tabbacin raga | Sai da kulawa | Sai ƙwararre | Ba ta mutum ɗaya bace |

Abu biyu da ake yawan tambayata. Wasu na tsoron na'urar tana sakin lantarki ko tana korar kifi. A'a, sauti ne kawai, kuma ya fi ƙarfin jin irin kifayenmu nesa ba kusa ba, ƙarar injinka da bugun filafili sun fi damunsu. Bata da alaƙa da kamun lantarki ko zuba gamalin, waɗanda dokar kamun kifi ta 1992 ta haramta. Amma ka je ka nuna wa Sarkin Ruwa da dattawan mashigarku kafin ka fara, kar a wayi gari ana zarginka. Na biyu, bata gargaɗin dorina. Kowa ya san akwai dorina a Dadin Kowa, kunnen ƙasa yake kallo ba gaba ba, kar allo ya ɗauke maka ido daga ruwa.

Akwai kuma abin da ke damuna ni kaina. Na'urar da ke nuna maka garke bata hana ka kwashe 'ya'yan kifi, kuma in kowa ya samu ya haɗa da raga mai ƙaramin ido to mun gama da dam ɗin da hannunmu. Amfanin da nake so a yi da ita shine akasin haka, ka ga gajimaren ƙanana ne ka wuce, ka ga inda karfasa ke haƙa ramukan ƙwai a gefe ka bar mata wurin.

Yanzu wa ya dace da wacce. In kana su a fadama da bakin gaɓa, ruwan bai wuce ƙirji ko tsayin gora ba, kamunka tarwaɗa da gaiwa da mali ko ƙugiya, kar ka sayi ko ɗaya, sa kuɗinka a raga da gyaran jirgi, abin da na faɗa wa ƙanina kenan da farko kafin ya ce min yana shiga tsakiya da rani. In kana da kwale-kwale kana shiga ruwan mita 4 zuwa sama da kalli ko mari-mari, ƙaramar ta jirgi mai GPS ita ce taka, ka nemi sabuwa a kwali da kunnenta, in ta hannu ce kar ka biya sai an gwada ta a ruwa a gabanka, don a bokiti ko a iska ba'a gane lafiyar kunne. In zurfi kawai kake son sani kuma kuɗinka bai kai ba, 'yar hannu zata yi, amma ka toshe kunnenka daga kukanta. Mai tafkin kiwo ko mai fatsa na nishaɗi ya ɗauki ƙwallon. Ƙungiya mai jirgin inji da shugabanci mai amana ta haɗa kuɗi ta sayi mai leƙen gefe guda ɗaya, a ware matasa biyu su koye ta sosai. Dillalin da ke ba masunta jari, ya fi masa ya sayi ƙananan guda uku ya raba wa jirage uku da ya sayi babba ɗaya. Ɗalibi ko malamin da ke son sanin ainihin irin kifi da yawansu kuwa ya nemi haɗin gwiwa da cibiyar da ke da kayan bincike, ya kuma tanadi ragar gwaji.

Ƙanin nawa ƙaramar ta jirgi ya saya a ƙarshe, na ɗaure masa kunnen a sandar ƙarfe da zai iya ɗagawa in ya kusa gaɓa, batir ɗin kuma a cikin robar fenti mai murfi don kar ruwa ya taɓa shi.